Kafin a Zaunar da Yaro Gaban Tiren Kifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da iyaye da masu sana'ar kifi a jihar Kebbi. A 'yan shekarun nan fita cin kifi da iyali ta zama ruwan dare. Ranar Juma'a da yamma, ko cikin bukukuwan Sallah, sai maigida ya kwashi uwargida da yara a nufi wurin gashi. A Birnin Kebbi ne, a Argungu ne, a Yauri ne ko Jega, ba ka rasa rumfa mai benci da kujerun roba, ga hayaƙin gawayi yana tashi. Ga kuma wuraren farfesu irin na 'yan Kudu, inda ake nuna tarwada tana iyo a baho, a kashe ta nan take a ɗora tukunya.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa, wasunmu aikin jinya suke yi, wasu kuma kifi ne abincinsu da sana'arsu. Ba hana kowa muka zo yi ba. Ƙasar da ake bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada tun 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ba za a ce wa ɗiyanta su ƙaurace wa kifi ba, kuma kifi yana gina jikin yaro ƙwarai. Maganarmu ɗaya ce: tiren da aka shirya don manya bai dace da ɗan shekara biyu ba sai an yi masa aiki, aikin kuwa yana da ƙa'ida.

Tun a gaban baho ake fara shi, kafin a zauna, domin ba duk kifi ne ƙayarsa ɗaya ba. Giwan ruwa ya fi kowane sauƙi. Tsokarsa fara ce mai kauri, tana ɓarewa sala-sala, ƙasusuwansa kuma manya ne da ido ke gani. A nemi matsakaici dai, ba ƙaton da ake ɗaukar hoto da shi ba. Domin kifin da ke cin 'yan'uwansa, kamar giwan ruwa, yana tara zaiba a jikinsa gwargwadon daɗewarsa a ruwa, wato sinadarin nan da masu haƙar zinariya ke tace ta da shi, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta son sa. Tarwada ma tana da dama, don ba ta da siraran ƙayoyin da ke nutsewa cikin tsoka, sai dai tana da nata tarkon da za mu zo kansa. Karfasa, wadda wasu ke ce wa gargaza, ita aka fi gasawa, kuma ana iya ba yaro idan an san inda za a ɗiba. Tsage kuwa a bar wa manya. Ƙayoyinsa sirara ne masu baki biyu kamar gwafa, suna cikin naman kansa, ko babba sai ya yi da gaske. Haka kurungu, mai tsinin ƙaya uku, ɗaya a gadon baya biyu a gefe, kowace da haƙora kamar zarto.

Wanda zai biya kuɗi yana da haƙƙin ya ga kifinsa ɗanye. A buɗe murfin kunnensa a duba: ja wur ake so, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Idon ya zama garau a tashe, ba wanda ya faɗa ya yi hazo ba. A danna tsokar da yatsa, idan ramin ya zauna bai taso ba, a wuce. Daga Maris zuwa Mayu zafin garuruwanmu kan haura digiri 40, kifin da aka kama da asuba aka bar shi ba ƙanƙara, kafin la'asar ya fara juyawa, yaji da lemun tsami kuma suna ɓoye wari. Kifin ƙanƙara irin su taitus yana da wata matsala ta daban a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Idan ya narke ya daɗe kafin a sake daskarar da shi, yakan tara wani sinadari da suya ba ta kashe shi, gashi ma ba ya kashe shi. Cikin mintuna kaɗan zuwa awa guda sai fuska ta yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, kai ya sara, wani har da amai. Alamar da harshe ke fara ji ita ce wani ɗan yaji-yaji ko tsami a naman da ba a sa masa yaji ba. Da an ji haka a ajiye, kada a ce asarar kuɗi.

Lokacin fita ma abin lura ne. Kifi guda mai nauyin kilo yakan ci minti talatin zuwa arba'in a kan gawayi kafin cikinsa ya nuna, ban da layi. Yaron da aka fito da shi da yunwa ba zai iya wannan jira ba, zai yi ta kuka, uwa ta ƙosa, a matsa wa mai gashi ya sauke, kifi ya zo bayansa ya ƙone cikinsa da jini-jini, sannan a yi ta tura wa yaro loma cikin gaggawa. Kusan duk ɓarnar da ke faruwa a irin wuraren nan daga wannan gaggawar take. Maganinta mai arha ne. A kira mai gashi a waya tun daga gida ya ɗora, a ba yaro ɗan abin taɓawa kafin a fito, a kuma isa bayan la'asar tun da sauran hasken rana. Cire ƙaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki ja ko shuɗi da janareto ke lumshe shi wasa da rai ne. Fita da wuri tana kuma raba yaro da sauron magariba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a jihar da binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya samu kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaranta da ƙwayar cutar a jini, fiye da kowace jiha.

Wajen oda, a faɗa wa mai gashi a fili cewa akwai yaro, ya ware rabin wutsiya ko ƙaramin kifi guda ya gasa da mai da albasa da ɗan gishiri kawai. Haɗin da ake shafa wa kifi, attarugu da citta da masoro da dunƙulen magi biyu ko uku, na bakin manya ne. Kankare shi bayan an gasa ba ya wadatarwa, don an riga an tsattsaga kifin ya shige ciki. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, alhali ɗan shekara 1 zuwa 3 bai kamata ya wuce giram 2 na gishiri a yini ba, wanda bai cika shekara ba kuwa ƙasa da giram 1. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ne abincinsa, ko romo kada a lasa masa. Idan yaji ya riga ya kama bakin yaro, ruwa ba ya kashe shi, yaɗa shi yake yi. Madara ko kindirmo ko lomar farar shinkafa sun fi. Tsohon zancen nan cewa haɗa kifi da nono yana kawo ciwon fata, likitanci bai same shi da tushe ba.

Kifi ya nuna ne idan naman da ke manne da ƙashin baya ya yi fari fat, ya rabu da ƙashin ba gardama. A nan ake dubawa, a wuri mafi kauri, ba a fata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya digiri 70 ta ce abinci ya kai a cikinsa.

To, ga inda aikin yake. Babba ɗaya ya ɗauki nauyin farantin yaro, ya haƙura da nasa cin sai ya gama. Ya wanke hannu da sabulu, ya nemi faranti daban, kada yaro ya sa hannu a tiren kowa da kowa. A jikin karfasa akwai layi da ya ratsa tsakiyar gefenta daga kai zuwa wutsiya. Naman da ke saman layin, na gadon baya, shi ne mai kyau, da kuma duk abin da ke bayan ramin ciki zuwa wutsiya, inda haƙarƙari ya ƙare. Naman ciki, duk da maiƙonsa da daɗinsa, haƙarƙari ne shimfiɗe a ciki. A kan layin kansa, ta wajen kai, akwai jerin 'yan gajerun ƙayoyi da ba a gani sai an taɓa. Wurin da ya fi yaudarar mutane shi ne gefe-gefe, gindin fiffiken baya da na ƙasa. Kowane tsinken fiffike yana da ɗan ƙashi da ya riƙe shi a cikin nama, to idan aka fizge fiffiken daga waje, waɗannan sukan karye su zauna. Tarkon tarwada ke nan, domin fiffikenta na sama da na ƙasa dogaye ne har kusan wutsiya. Sai a kama fiffiken daga ƙarshe a ja shi a hankali zuwa wajen kai ya fito da saiwarsa, a kuma bar naman bakin gefen ga manya. Kan tarwada, da ƙayoyi biyu masu kauri da ke bayan kunnenta, ba su da hurumi a farantin yaro.

Bayan an ɗebo naman, kada a yarda da ido. Ƙaya sirara launinta ɗaya da tsoka. A marmasa kowace 'yar tsoka tsakanin babban yatsa da manuni har ta zama ɓarɓashi, yatsa yana jin abin da ido ya tsallake. A yi haka sau biyu. Ga yaron da ya fara wayo, ɗan shekara huɗu zuwa sama, a ba shi kifi shi kaɗai a baki, dankali ko doya su biyo baya. Idan aka cakuɗa kifi da shinkafa ko burodi a loma ɗaya, harshe ba ya tantance ƙaya, sai ta wuce. A koya masa tofarwa ba kunya, kada a yi masa faɗa don ya fito da loma.

Farfesu ya fi gashi haɗari ta wannan fanni, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tafasa tana sakin ƙasusuwa su kwanta a gindin kwano, romo kuma ya rufe su. A ɗebi romon yaro daga sama da cokali, ko a roƙi matata a tace, kada a miƙa masa kwano ya kurɓe ragowar. Soyayyen kifi kuwa fiffikensa ne ke ƙandarewa ya farfashe kamar kwalba. Bandar kifi kuma sai an jiƙa ta da ruwan zafi an wanke, don nama da ƙaya duk sun zama launi ɗaya, kuma wadda ke warin maganin ƙwari ko take da ɗaci ba ta ciyuwa ga kowa.

Yawan da yaro ke bukata bai kai yadda iyaye ke zato ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade kimanin giram 30 ga ɗan shekara 1 zuwa 3, wato kwatankwacin kwalin ashana, ninkinsa ga ɗan shekara 4 zuwa 7, sau biyu a mako, ta kuma sa karfasa da tarwada cikin kifayen da suka fi dacewa da yara. Ke nan rabin wutsiya ya ishi yara biyu. Ya ci a zaune, bayansa a miƙe. Ba a bin yaro da loma yana guje-guje tsakanin benci, ba a sa shi dariya da abinci a baki, kuma a kawar da tsinken sakace da soyayyar gyaɗa daga gabansa.

Idan abin ya faru duk da haka, sai a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Na farko maƙalewar ƙaya: yaro yana numfashi, yana kuka, yana nuna wuyansa, yana ƙin haɗiya. Abin da kowa ke yi a nan shi ne a murza ƙatuwar lomar tuwo ko burodi ko ayaba a ce ya haɗiye ba tauna. Don Allah a daina. Mafi yawan ƙayoyi a sama suke tsayawa, a gefen maƙogwaro ko gindin harshe, inda ma'aikacin lafiya zai hango da fitila ya zare da hantsaki cikin minti kaɗan. Lomar tuwo tana iya nutsar da ita cikin nama, ko ta tura ta can ƙasa cikin bututun abinci, inda ba a kai wa gare ta sai da na'ura da maganin barci, kuma idan ta huda shi ciwo ne babba. Kada a zura yatsa a lalube, kada a sa shi amai. A haska bakin da fitilar waya. Idan ba a ganta ba, ko an ganta amma yaro ba ya tsayawa, a nufi asibiti, kada a ƙara ba shi abinci a hanya. Mun san a ƙasar Kabi da Yauri da yawa sukan fara zuwa wurin Basarke, wato masuncin gado, ya yi tofi, wannan gado ne da aka sani tun kaka da kakanni, ba mu raina shi ba. Sau da yawa ma ƙayar ta riga ta wuce, karcen da ta bari ne ke suka, shi kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma yaron da miyau ke dalala daga bakinsa, ko ya kasa haɗiyar ruwa, ko ya tofar da jini, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko wuya ya kumbura, ko ƙirji na ciwo, wannan ba a kwana da shi a gida. A Birnin Kebbi ga asibitin Sir Yahaya, ga na tarayya, a sauran garuruwa a nufi babban asibiti.

Na biyu ƙwarewa, wato loma ta toshe hanyar iska. Wannan ba ta jiran mota. Idan yaro yana tari da ƙarfi, a ƙyale shi ya yi, tarin ne maganinsa, kada a ɗura masa ruwa. Idan kuwa ya yi shiru, ba kuka ba tari, idanu sun firfito, leɓe ya fara duhu, nan take a sunkuyar da shi gaba a buga masa gindin tafin hannu tsakanin allunan kafaɗa sau biyar da ƙarfi, ana dubawa bayan kowane bugu. In bai fito ba, a tsaya ko a durƙusa a bayansa, a dunƙule hannu a ɗora saman cibiya ƙasa da ƙahon zuci, a dafa da ɗaya hannun, a fizgo ciki da sama sau biyar. A yi ta maimaita biyar da biyar. Wanda bai cika shekara ba, ba a matsa masa ciki. A kifa shi a kan damtse, kansa ya yi ƙasa da jikinsa, a tallafe haɓarsa, bugu biyar a baya, sannan a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar. Yayin da ɗaya ke wannan, wani ya tayar da abin hawa. Ko lomar ta fito, yaron da aka matsa wa ciki likita ya duba shi.

Akwai kuma jikin da ba ya karɓar kifi ko kaɗan. Shi ya sa ɗanɗanon farko a gida ya kamata a yi shi, da rana, kaɗan, ba a rumfar gashi da dare ba. Kuma yaro ya saba cin karfasa ba ya nufin zai karɓi jatan lande ko ƙaguwa, abin da ke tayar da jiki a cikinsu daban ne. A wuraren 'yan Kudu garin kirafish, wato busasshen ɗan jatan lande, yana shiga miya da shinkafa ba tare da an gan shi ba, kamar yadda ƙuli-ƙuli ke shiga yajinmu, sai an tambaya. Borin jini da ƙaiƙayi kaɗai da sauƙi. Amma kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi mai fito, amai a jere ko yaro ya yi laƙwas, daga mintuna kaɗan zuwa awa biyu bayan ci, wannan allurar asibiti yake bukata da gaggawa, ba manja ba, ba madara ba.

Sauran abubuwan a taƙaice. Ɗanyen kabeji da latas da aka yanka tun rana, da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, da zoɓon da aka ɗura a tsohuwar gora, a tsallake su ga yara, balle da damina lokacin amai da gudawa. Idan cikin ya ɓaci, a fara ruwan gishiri da sukari tun a daren: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, idan ba a sami na ƙunshi ba. Kifin da aka naɗe a takardar foyil, babba ya buɗe shi nesa da fuskar yaro, tururinsa yana ƙuna. Ƙunar mai ko gawayi ruwan sanyi ake kwarara mata minti ashirin, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Ragowar da aka ƙunso, idan ta wuce awa biyu a waje ba ta yaro ba ce, ko an ɗumama. A rumfunan bakin ruwa kamar na Yauri, ido ya zauna kan yaro, kada a bar shi ya shiga wasa a gaɓa, ga nutsewa ga tsargiya.

Ga 'yan'uwanmu masu gashi da farfesu, abin da muke roƙo bai kai kuɗin kifi biyu ba. Farar fitila mai haske ko da a kan tebur ɗaya ne da za a ware wa masu yara. Ƙananan faranti da cokula. Buta da sabulu, a zuba wa kowa ruwa a hannu, a daina kwano ɗaya da mutum goma ke tsoma hannu a ciki. Matata ɗaya don romo. Benci ko katako da zai raba murhu da kaskon suya da hanyar wucewa, domin tsayin kaskon daidai yake da fuskar ɗan shekara uku. Yaran shago su riƙa tambayar mai oda ko akwai ƙaramin yaro tun kafin a shafa yaji. Jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi kuma, idan sun fito zagaye, su haɗa da koya wa mutum ɗaya a kowace rumfa bugun baya da matsar cikin nan, abin da ba ya cin rabin awa, su liƙa masa hotonsa a bango kusa da inda ake biyan kuɗi.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya raya mana zuriya.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinya da masu sana'ar kifi,
Birnin Kebbi.